Yafiyar da Kawu Ya Ƙi Karɓa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya da asubahin wata Laraba, a ɗakinsa na Unguwar Sarki, kansa a kan cinyar matarsa Inna. Kafin hantsi ya dubi ludayi layinmu ya cika maƙil, har masu kayan miya na bakin titi suka janye tirensu don a sami wurin shimfiɗa tabarmi.

Direbobin tanka ne suka fara isowa daga garejinsu na wajen Mando, wasu ko kayan aiki ba su cire ba. Tsohon direban Kawu ya zauna a bakin kwata yana kuka kamar ƙaramin yaro, aka yi ta ba shi baki ya ƙi ji. Abokan kasuwancin Kawu kuwa suna kan darduma a inuwa, ina jiyo su ta tagar ɗakinsa da ke kallon titi. Wani ya ce, "Mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa. Sai dai taurin kai." Na kusa da shi ya ce, "Ai da ya ji magana, da yanzu ba a san yawan tankokinsa ba." A cikin gida matan Rafin Guza sun cika tsakar gida, wata tsohuwa a cikinsu sai maimaitawa take yi, "Shi ya haƙa mana rijiya, shi ya haƙa mana rijiya," kamar wani ya musa mata.

Da aka fito da makara aka ajiye a ƙarƙashin tagar, liman ya juya ya fuskanci jama'a ya ce, "Ɗan Adam ajizi ne. Duk wanda mamaci ya saɓa wa, a yafe masa don Allah." Layi ya ɗauka baki ɗaya, "Mun yafe." Mutum ɗaya ne bai buɗe baki ba. Wani dattijo ne dogo, da hular saƙa da takalmin roba duk laka, yana tsaye a gefe rungume da buhu. Kowa ya gan shi, don a gaba-gaba yake, kuma kowa ya san Kirista ne daga kudancin Kaduna, mai lambu a Rafin Guza. Waɗanda suke baya sun ga wannan, ba su ga abin da ya biyo ba. Kafin a yi sadakar uku labari ya zaga gari wai wani mutum ya zo har gaban gawa ya ƙi yafe wa Alhaji. Abin ya ƙona mini rai. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don in ba a faɗa ba, 'yan baya za su gaji rabin labari, kuma rabin da ba shi da kyau.

Ni 'yar ƙanwar Kawu ce. Uwata ta rasu ina goye, shi ya ɗauko ni ya damƙa wa Inna, matarsa, a gidansa na yi wayo, a gidansa aka ɗaura mini aure, shi ya tsaya har na zama malamar firamare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da suna ba sai "Uwata". Ko faɗa zai yi mini sai ya ce, "Uwata, wannan ba halinki ba ne," ni kuwa in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kafin ya zama Alhaji mai tankoki, Kawu ya yi ƙuruciyarsa a jirgin ruwa. Ya gudu Ikko yana saurayi, ya yi dako a tashar jiragen ruwa, daga nan aka ɗauke shi aikin shafa giris a ɗakin injin wani jirgin dakon mai. Ya dawo Kaduna da abu uku da ba su rabu da shi ba har ya mutu: wani kofin ƙarfe duk ya lotse wanda ba ya shan shayi sai a cikinsa, ɗabi'ar shinshina ruwa kafin ya sha, da wata tambaya da ta addabi gidanmu.

Tambayar ita ce, "Jirgin wa ne?"

In akuyar Inna ta shiga maƙwabta ta cinye shanyar gero, Inna za ta ce yara ne suka bar ƙofa a buɗe, yara su ce mai tallan kunu ce ta shigo ba ta rufe ba. Kawu zai bari a gama jifan juna, sannan ya ajiye kofinsa ya ce, "Ni ban tambayi wa ya buɗe ƙofa ba. Jirgin wa ne?" Inna ta yi tsaki ta ce, "Akuyata ce." Ya ce, "To a auna musu gero." Tun tana fushi har ta saba. Mu yara har wasa muke yi da maganar, in wani ya zubar da miya sai mu zagaye shi muna waƙa da ita.

Sai da na girma ya ba ni asalin maganar. Ya ce wata shekara jirginsu ya gogi wani abu a ƙarƙashin ruwa kusa da gaɓa, cikinsa ya tsage, mai ya malala. Da gari ya waye teku ta yi baƙi iya ganinka, kifi ya taso ciki sama. Masunta suka zo cikin kwale-kwale suka zagaye jirgin. Wani tsoho a cikinsu ya ɗaga tarunsa da hannu biyu, baƙin mai yana ɗiga, nuna musu kawai yake yi.

"Uwata," in ji Kawu, "kyaftin ya ce laifin mai nuna hanya ne. Kamfanin jirgi ya ce laifin kyaftin ne. Masu man suka ce su kaya kawai suka ba da dako. Aka yi ta tura mutanen nan daga wannan ofis zuwa wancan har muka gyara jirgi muka tashi. Ni da nake shafa giris, har yau ina ganin hannun tsohon nan."

Ya ce daga baya, yana dab da barin aikin, ya ji ƙasashe sun haɗu sun yi doka a kan irin wannan. In jirgin dakon mai ya zubar, mai jirgin ne zai biya waɗanda aka yi wa ɓarna, ko da sakacinsa ko babu, sai fa in yaƙi ne ko wani ikon Allah da ba mai iya tarewa. Dole ya yanki inshora kafin jirginsa ya ɗauki kaya. In ɓarnar ta wuce abin da aka yanka masa, akwai asusun da manyan masu sayen mai suke zubi a ciki kamar adashi, daga nan a cika. Kawu bai yi boko mai zurfi ba, amma wannan doka ta shiga ransa. Yakan ce, "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ashe har Turawa sun gano."

Ana nan, wata shekara da rani, lokacin Kawu yana kan ganiyarsa, ɗaya daga tankokinsa ta ɗauko baƙin mai daga matatar mai za ta kai wa wani kamfani a Kano. A kan kwalbatin da ke saman rafin da masu lambun Rafin Guza suke ban-ruwa da shi birki ya ƙwace, tanka ta kife, murfi ya fashe. Allah Ya kiyaye ba a yi wuta ba, direba ya fita da karayar hannu. Amma man ya bi rafin nan ya gangara. Lokacin tumatir ya fara ja, latas ya yi kai, alayyafo ya isa yanka. Na je da kaina washegari bayan an tashi makaranta. Wallahi ban taɓa ganin abu mai ban tausayi irin wannan ba. Ganye duk ya yi baƙi ya kwanta, wari yana hawa kai, mata suna tsaye a bakin fangalinsu hannu a ka. Rijiyoyin da ke kusa da rafi ma sai da suka ɗauki wari.

Mai unguwa ya kira zaman sulhu a zaurensa. Ni na raka Inna, muka zauna da mata daga ciki muna ji. Kun san yadda ake yi a garin nan. An shimfiɗa wa Kawu darduma, masu lambu suna zaune a ƙasa, da yawansu 'ya'yansu suna cin abinci a garejinsa, wasu shi ya yi musu hanyar asibiti, wasu tare suke sallar Juma'a. Mai unguwa ya yi dogon bayani a kan ƙaddara, ya ce Alhaji bai aiki tanka ta faɗi ba, shi ma asara ya yi. Sannan ya ce, "To jama'a, me kuka ce?" Wani dattijo ya ce, "Ƙaddara ce. Mun yafe." Sauran suka bi, "Mun yafe, mun yafe." Tsohuwar nan da na ce tana maganar rijiya a wurin makoki tana kusa da ni, ta ce "mun yafe" hawaye yana zuba a kan zaninta. Marayu take riƙo da wannan lambun.

Sai aka ji wata murya daga bakin ƙofa. "Ranka ya daɗe, ni ban yafe ba."

Baba Mai Lambu ne, dattijon nan mai buhu. A da masinja ne a wata ma'aikata, da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a lambu, kuma lambunsa ne na farko a ƙarƙashin kwalbatin, shi ya sha man tun da zafinsa. Zaure ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce ba shi da kunya, wani ya ce dama su ba su san girman manya ba. Shi kuwa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, ban zage ka ba, kuma na san ba da gangan ba ne. Amma in na ce na yafe na yi ƙarya, don zuciyata ba ta yafe ba. Ƙasar nan ita ce abincina. Ranar da ta sake ba ni alayyafo, ranar zan yafe maka."

Kawu ya sauko daga kan darduma ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Mai unguwa, a yi mini haƙuri. Mutumin nan shi kaɗai ya ba ni abin da zan iya ɗauka. Sauran jama'a, na gode, amma ku riƙe yafiyarku tukuna. Kunyata kuka ji. Wanda aka tara a gaban mai babbar riga aka ce ya yafe, in ya ce a'a ina zai sa kansa gobe? Ban karɓa ba. Tankar tawa ce."

Mai unguwa bai ji daɗi ba, don a ganinsa an watsa masa ƙasa a ido. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwar Kawu da sakin fuska.

Rigimar gaske a gida aka yi ta. Babban ɗan Kawu, wanda muke kira Yaya, lauya ne, lokacin bai daɗe da fara aiki ba. Kawu ba ya kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari, sai dai ya ce "Lauya", rabi girmamawa rabi tsokana. Yaya ya zo da yamma ya durƙusa ya ce, "Baba, inshorar da muka yanka ta mota ce da mutanen da ta buge. Na je, sun ce ba ruwansu da tumatir. Masu lambun nan ko takardar fili ba su da ita. In kotu ce, sai an shekara ana ɗaga shari'a, kuma birki ne ya ƙwace, akwai bakanike, akwai direba. Ga shi sun yafe a gaban shaidu. Me ya rage?"

Kawu ya ce, "Jirgin wa ne?"

Yaya ya ce, "Baba, don Allah. Wannan dokar ta teku ce. Nan Kaduna ce, ko kwale-kwale ba mu da shi."

"Ruwan rafin nan ina ya nufa?"

"Kogin Kaduna."

"Kogin Kaduna fa?"

"Kogin Kwara."

"Kwara fa?"

Yaya ya kau da kai. Kawu ya ce, "Faɗi mana, kai ne mai ilimi." Yaya ya ce, "Teku." Kawu ya ɗauki kofinsa ya kurɓa.

Ni a lokacin dariya ta kusa ƙwace mini, amma gaskiya Yaya ba mugunta ce ta sa shi magana ba. Ƙannensa suna makaranta, ga aurarraki a gaba, ga lokacin ya zo da tsadar rayuwa, kayan gyaran mota sun yi tashin gwauron zabi. Ya ce, "Su masu jirgi suna da asusun da zai cika musu. Kai wa zai cika maka?" Kawu ya ce, "Ni ne mai jirgi, ni ne inshora, ni ne adashin." Yaya ya tashi ya fita bai yi sallama ba. Sun yi kusan shekara gaisuwa ce kawai take haɗa su, Inna tana tsakiya tana ramewa.

Direban ma an so a ɗora masa. Abokan Kawu suka ce a kore shi, ko a bar 'yan sanda su riƙe shi, mutane su ga an hukunta wani. Kawu ya je da kansa ya yi belinsa, ya kai shi wurin mai ɗori, ya ci gaba da ba iyalinsa abinci har hannun ya warke. Abin da ya ce masa kawai shi ne, "Ka ji birkin yana wasa tun daga matatar mai?" Direba ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Kawu ya ce, "To wannan tsakaninka da Allah ne da ni. Masu lambu ba su san ka ba, ni suka sani." Shi ne mutumin da ya zauna a bakin kwata yana kuka.

Kawu ya sayar da tanka ɗaya ya biya masu lambu amfanin shekarar, kowa gwargwadon fangalinsa. Da yawa suka ƙi karɓa, suka ce ai sun riga sun yafe, abin kunya ne su dawo su karɓi kuɗi. Sai ya daina kira a taro, ya riƙa bin su gida-gida, yana shiga ya zauna a kan tabarmarsu ya sha ruwansu, bayan ya shinshina. A ɗaki, ba mai unguwa, ba maƙwabci, kowa ya faɗi abin da ya yi asara, har da waɗanda suka fi kowa ɗaga murya wajen cewa ƙaddara ce. Ya haƙa musu rijiya a kan tudu nesa da rafin. Ya ɗauki leburori aka kankare ƙasar da ta sha mai, tifa tana kwashewa tana kawo sabuwa. Da kuɗi suka ƙare ya sayar da tanka ta biyu. Mun ji a jikinmu. Naman miya ya ragu a gidan da a da almajirai da baƙi ba sa yankewa, Inna ta sayar da awarwaronta ba ta gaya masa ba. Na taɓa ganinsa da idona a cikin rafin, ya naɗe wando har gwiwa, shebur a hannu, Alhaji guda, mutane suna tsaye a kan kwalbati suna kallo.

A shekara ta biyu yawancin lambunan suka farfaɗo. Na Baba Mai Lambu ma ya yi, ban da kusurwa ɗaya ta ƙasa, inda man ya taru ya kwanta ya nutse. An canza ƙasar, an zuba taki, an bar ta ta sha damina. Duk rani sai Baba ya shuka alayyafo a wurin, ya tsiro kore shar, ya kai tsawon ɗan yatsa, sai ya yi ja ya bushe. In ka tona da sanda ka shinshina, warin yana nan.

Wannan kusurwa ita ta haɗa tsofaffin nan biyu. Duk Asabar Kawu zai sa a kai shi Rafin Guza, daga baya da mota ta tafi ya riƙa hawa bas ya ƙarasa da ƙafa. Zai tsaya a kan kusurwar ya ce, "Baba, ta yi?" Baba ya ce, "Ba ta yi ba, Alhaji." Sai su zauna a gindin mangwaro. Kawu yana ba shi labarin teku, shi yana ba Kawu labarin ofis da Turawan da ya yi wa aike. In azahar ta yi Baba ne yake ɗebo masa ruwan alwala a rijiyar tudu. Da Kirsimeti shinkafa takan zo gidanmu daga Rafin Guza, da Sallah cinyar rago takan tafi can. Da 'yar Baba za ta yi aure, Kawu ya zauna a harabar coci a kan benci har aka gama.

Wata Asabar na raka shi, don lokacin ƙafa ta fara ba shi wahala. Baba ya dube shi yana haki daga ɗan gangaren nan, ya ce, "Alhaji, ka biya, ka wuce biya. Kusurwa ɗaya ce. Bari in faɗi maganar nan kowa ya huta."

Kawu ya ɗaga masa hannu. "Ta yi?"

"Ba ta yi ba."

"To riƙe abinka. Yanzu kai ma tausayina ka ji. Na ƙi ta kunya, sai in karɓi ta tausayi?"

Na ce, "Kawu, wai kai wane irin mutum ne? Ana ba ka kana ƙi." Ya ce, "Uwata, ba ki gane ba. Shi ya sa sharaɗi, ni na amsa. Alkawari kaya ne." A hanyar dawowa ban yi masa magana ba don haushi. Tsofaffi biyu, kowanne kansa ya fi dutse tauri, suna wasa da abin da ba a san ranar da zai ƙare ba.

Abin da nake tsoro shi ya faru. Da ciwo ya kwantar da shi a ranin bana, Kawu ya yi abin da dattawa suke yi, ya aika a nema masa gafara wurin duk wanda suka taɓa hulɗa. Mai unguwar Rafin Guza ya zo da kansa suka yafi juna. Yaya ya zo ya durƙusa a bakin gado, Kawu ya dafa kansa, ya kira shi da sunansa na yanka, karo na farko da na taɓa ji. Baba Mai Lambu ma ya zo, ya zauna a kan kujera yana juya hularsa.

Kawu ya ce, "Ta yi?"

Baba ya ce, "Shukar ta wuce ɗan yatsa, Alhaji. Ta kai tafin hannu, ba ta yi ja ba. Ban taɓa ganin ta kai haka ba."

"A bari ta isa yanka."

Da Baba ya fita na bi shi har zaure na ce, "Baba, don girman Allah ka koma ka faɗa masa. Ba ka ga yadda yake ba?" Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Malama, in na faɗa yanzu zai ce tausayi ne. Kin san shi. 'Yan kwanaki kaɗan suka rage." Bayan nan kullum in na shiga gaishe shi, Kawu sai ya ce, "Uwata, ba labari daga Rafin Guza?" In ce babu tukuna. Ranar Talata da yamma ma ya tambaya. Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakanina da shi.

Baba bai san an yi rasuwa ba. Da sassafe ranar Laraba ya shiga kusurwar nan da wuƙa, ya yanka alayyafon, ya cika buhu, ya hau bas zuwa Unguwar Sarki yana sauri ya kawo wa Kawu. Da ya shawo kwanar layinmu sai ya ga tabarmi.

To, ga abin da na baya ba su gani ba. Da liman ya ce a yafe, jama'a suka amsa, Baba ya yi shiru. Aka yi sallah yana tsaye a gefe. Da aka sallame, masu ɗauka suka sunkuya za su ɗaga makara, sai ya tako. Wasu matasa suka tare shi, ɗaya har ya sa masa hannu a ƙirji. Yaya ne ya ce, "Ku bar shi. Baƙon mahaifinmu ne." Suka matsa.

Ya durƙusa a gefen makarar, dab da tagar da nake tsaye. Ya kwance bakin buhu ya zaro damin alayyafo ɗaya, kore, har da raɓa a jiki, ya ɗaga shi da hannu biyu kamar mai nuna wa wanda ke kwance. Ya yi magana da muryarsa ta kullum, irin wadda suke hira da ita a gindin mangwaro.

"Alhaji, ni ne. Ban faɗa tare da su ba, don na san ba ka karɓar ta taro. Ta yi. Ga alayyafon nan, daga kusurwar. Na yafe maka, duniya da lahira."

Ya mayar da damin cikin buhu ya miƙa wa Yaya. Yaya ya karɓa da hannu biyu, babbar rigarsa fara ta ɓaci da laka, bai ko duba ba. Aka ɗaga makara aka tafi, Baba yana biye a can baya.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya wa mutanen da ba su da bakin kai ƙara. Mu da ya bari, Allah Ya ba mu ko rabin ƙarfin halinsa.

Da yamma Inna ta ce a kawo mata buhun. Mata suka ce ta zauna, mai takaba ba ta shiga kicin a ranar farko, ta ce wannan miyar ba mai yi sai ita. Ta gyara alayyafon da hannunta, ta yi miya, aka zuba wa 'yan zaman makoki. Da aka miƙo mini nawa, na tsinci kaina na ɗaga kwanon zuwa hanci kafin in ci. Na shinshina sosai, na sake shinshinawa. Ƙamshin alayyafo ne kawai da daddawa.